Wace irin lemar kwaɗi ce wannan? 'Yar ƙarama, ƙarƙashinta baƙi-baƙi, a ruɓaɓɓen ganyen gindin gawo

Manomi daga Kibiya:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan lemar kwaɗi ya taimaka mini da bayanin wata 'yar ƙarama da ta cika gindin gawon gonata tun da marka ta kankama a wannan wata na Agusta. Na ɗauki hotonta, amma wayata ba ta fitar da launi yadda yake, shi ya sa na ga gara in zayyana muku ita dalla-dalla.

Faɗin hular santimita 2 zuwa 3 ne, da rular ɗana ta makaranta na auna. Waɗanda suka fito a daren suna nan a dunƙule, waɗanda suka kwana biyu kuma sun baje, wasu har bakinsu ya tsattsage. Da sassafe, raɓa na kanta, launinta ruwan ƙasa ne mai duhu. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta koɗe ta koma fari-fari, kuma daga tsakiya koɗewar ke farawa ta gangaro baki. A gefen hular akwai wasu 'yan fararen yage-yage da ke reto, in ka shafa sai su biyo yatsa. In ka juya ta, siraran fallayen da ke jere a ƙarƙashi, a ƙananan ruwan toka ne mai haske, a manyan kuwa sun rine, ruwan hanta, har sun tasam ma baƙi. Karan fari ne, siriri, tsawonsa santimita 5 ko 6, cikinsa rami, da ka ɗan lanƙwasa shi sai ya karye ƙas. Hular ma ba ta jure hannu, marmashewa take yi. Ban ga zobe a jikin karan ba. Wari kuwa babu, sai na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Gawon tsoho ne, tun zamanin kakanmu yake gonar. Kun dai san halinsa, sai damina ta sauka yake zubar da ganye. To ganyen nasa da 'yan rassan da suka karyo, haɗe da na mangwaron maƙwabcina da iska ke korowa, sun taru a gindin sun yi laushi. Cikin wannan tarin take fitowa gungu-gungu, nan biyar can goma.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yara. A inuwar mangwaron nan ake sauke mana abincin rana in muna banƙasar dawa, nan kuma ake shimfiɗa wa ƙananan tabarma. Autar ƙanena yanzu ta fara tafiya, duk abin da hannunta ya kai sai baki. Ga kuma matar maƙwabcina da ta ce wai 'ya'yan naman kazan suri ne, in an tara da yawa an wanke ana iya zubawa a miya. Ita kuwa Inna, mahaifiyata, a wajen Doguwa ta tashi, kusa da dajin Falgore, inda suke tsintar na suri in ruwa ya kwana yana zuba. Na kai mata a tafin hannu, kallo ɗaya ta yi ta ce, "Wannan ba shi ba ne, ku raba kanku da ita." Na ce Inna ta yaya kika gane, ta ce wanda ya san abu ya san shi. Ni na yarda da Inna ɗari bisa ɗari, amma ina son hujjar da za a je wa maƙwabciya da ita ba tare da ta ga kamar an raina ta ba.

Sannan daga wajen muke yankar wa awaki ciyawa, tunda suna ɗaure a turke har kaka. Don Allah mece ce wannan? Tana da guba? Kuma in sayo magani in fesa mata ne, ko yaya zan yi?

Direba daga Kwanar Dangora:

Wa alaikumus salam Malam. Ni na daɗe ina lodin doya daga Binuwai da Neja, kuma can naman kaza abin kasuwa ne, ɗanye da busasshe, mata ke kasa shi. Na ci shi a miyar agushi, wallahi in ba a gaya maka ba sai ka rantse nama ne. Abin da na ji ana faɗa a tasha shi ne ka duba, in tsutsa ko ƙwaro na cinsa to lafiya lau ne, mai guba ko ƙuda ba ya sauka a kansa. Wasu kuma sun ce a jefa albasa ko cokalin azurfa a tukunyar, in ya yi baƙi a zubar. Ka gwada ka gani.

Malamar Bayoloji daga Birnin Kudu:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya tun abin bai kai ga tukunya ba.

Yaya na Kwanar Dangora, ka yi haƙuri, wannan gwajin ba abin dogaro ba ne ko kaɗan. Tsutsa da dodon koɗi suna cin irin da ke kashe mutum su kwana lafiya, jikinsu ba irin namu ba ne. Albasa da azurfa kuma ba sa canja launi saboda wannan gubar. Mutanen da ka ci a wurinsu ba gwajin tsutsa ne ke tsare su ba. Abin da ke tsare su shi ne 'yan iri kaɗan suke tsinka, waɗanda suka sani tun suna biye da iyayensu, a wuraren da suka sani, sauran duk su tsallake.

Shi ya sa na ce Inna ta fi kowa gaskiya a zancen nan. Na surin da take nufi masana na kiransa Termitomyces, sunan da masanin Faransa Roger Heim ya ba shi a 1942. Gara ce ke noma shi. Takan tauna busasshen icce da ciyawa ta gina wani abu mai ramuka-ramuka a can cikin suri, shi kuma ya ruɓar mata da shi ta samu abin ci. Saboda haka in ka tono shi a hankali za ka ga karan ya zarce cikin ƙasa da wata doguwar jijiya har gidan garar. Tsakiyar hularsa na da tsini mai tauri, da shi yake huda ƙasa ya fito. Namansa na da ƙarfi, ba ya marmashewa a hannu. Fallayensa farare ne, ko su ɗan yi ja-ja mai haske, ba sa taɓa yin baƙi. Akwai wata 'yar ƙarama a danginsa da ke fitowa da yawa a kan ƙasar da gara ta turo waje, ita ba ta da doguwar jijiyar, amma ita ma fallayenta farare ne. Don haka mai baƙin ƙarƙashi ba 'yarsa ba ce, ko ta shekara ba za ta zama shi ba.

Sai taka, Malam. Launin fallaye kaɗai ba ya raba gardama, domin ƙananan nan masu ruwan ƙasa suna da yawa ƙwarai, har waɗanda suka ƙware a fannin sukan sha wuya da su. Abin da ake fara dubawa shi ne launin ƙurar irinta. Wannan duhun da ka gani a manyan ƙurar iri ce da ta nuna, da ita take yaɗuwa. Ka samo wadda ta baje amma ba ta fara bushewa ba, ka yanke karan dab da hula, ka kifa hular a kan farar takarda, fallayen na kallon ƙasa. Ka ɗiga mata ɗigon ruwa ɗaya a ka, ka rufe da kofi don kada iska ta kwashe ƙurar, ka bar ta ta kwana. Ka kifa wata kuma a kan gilashi ko baƙar leda, saboda in ƙurar fara ce ba za ta fito a farar takarda ba.

Da safe launin zai rage mana hanya. In baƙi ƙirin ne, muna wajen dangin Panaeolus, ko waɗanda ke narkewa su zama baƙin ruwa in sun tsufa. In ruwan hanta ne mai duhu, Psathyrella ce ta fi kusa. In ruwan cakulan ne, ga zobe a kara, fallayen kuma ba su taɓa karan ba, to wajen Agaricus muka nufa. Wanda nake roƙon Allah kada ka gani shi ne ruwan tsatsa, domin nan Conocybe da Galerina suke, kuma a cikinsu akwai masu gubar da ke cin hanta. Fari ma ba abin sakin jiki ba ne, wadda ta fi kowace kashe mutane a duniya, Amanita phalloides, ƙurarta fara ce tas.

Kuma kada ka tsinke ta daga sama. Ka sa wuƙa ka tono ta har gindi ka ga a jikin me take maƙale, ganye ne, ruɓaɓɓen icce ne, ko kashin dabba. Ka duba ko gindin na zaune cikin wata 'yar jaka. Ka fito da fallayen rana ka ga launinsu ɗaya ne ko dabbare-dabbare. Ka murza karan ka jira 'yan mintoci ko zai canja launi. Taɓawa ba ta cutarwa, ka dai wanke hannu kafin ka ci abinci. Kafin ka dawo mana, kowa ya bar ta, babba da yaro.

Manomi daga Kibiya:

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Na bi abin da kika ce, kuma na dawo da labari. Ashe iri biyu ne a gindin gawon.

Ta farko ita ce wadda na zayyana. Da na tono ta da wuƙa sai ta taso da ɗan ruɓaɓɓen reshen gawo, ƙayarsa ma na nan a jiki, gindin karan ya kama shi da wani farin gashi-gashi. Da na yaye ganyen wajen na ga farin zare ya bi ƙarƙashinsu ko'ina, har ya manne ganye da ganye, in ka ɗaga ɗaya sai uku su biyo shi. Babu jaka a gindinta. Bayan isha'i na kifa ta a shafin tsakiya na littafin rubutu, na rufe da kofin shayi, na ɗora a kan kabad inda yara ba sa kaiwa. Da na dawo daga masallaci da asuba na ɗaga, sai ga zane ya fito raɗau, layi-layi daga tsakiya zuwa baki kamar wilin keke. A cikin ɗaki baƙi yake nunawa. Da gari ya waye na fito da shi tsakar gida, sai ga shi ruwan hanta mai duhu, babu alamar tsatsa a ciki.

Ta biyun tana 'yan taku kaɗan ta gabas, inda shanun Fulani ke kwanciya da rani in sun zo cin 'ya'yan gawo. Daga tsaye ba ka raba su. Sai da na tsuguna na ga ita hularta ruwan toka ce, a kife take ba ta bajewa ko ta tsufa. Karanta ya fi tsawo, ya fi duhu, da wani ɗan gari-gari a jikinsa. Fallayenta dabbare-dabbare ne, nan baƙi nan toka. Da na tono sai ga gindinta a cikin tsohon kashin shanu da ganye ya binne. Zanen da ta bari a takarda baƙi ne ƙirin, ko a rana bai canja ba.

Na murza karansu duka biyun na jira, babu wanda ya sauya launi. Kuma babu wadda ta narke, motsewa kawai suka yi.

Malamar Bayoloji daga Birnin Kudu:

Madalla, Malam. Yanzu muna da abin riƙewa.

Ta farko, alamun da ka kawo duka na dangin Psathyrella ne: saurin karyewa, koɗewa in ta sha iska, yage-yagen bakin hula, zama a kan ruɓaɓɓen icce, da ƙura ruwan hanta. Ta fi kama da rukunin da masana suka ware daga cikinsu a 2020 suka ba shi suna Candolleomyces, wanda ake samu a ƙasashe masu zafi da masu sanyi. Iyakar inda ido ke kaiwa ke nan. Dangin na da iri ɗaruruwa, kuma da madubin likita ake raba su, a auna ƙwayar irin, wadda tsawonta bai cika kai kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Duk wanda ya kalli hoto a waya ya yanka maka cikakken suna, kada ka ɗauki maganarsa yankan shakku.

Ba a san wannan dangi da gubar hanta ba. Amma don Allah kada wani ya karanta wannan ya ce Malama ta ce a ci. Dubi gonarka kawai. Bishiya ɗaya, taku kaɗan tsakani, iri biyu, kuma kai da kanka ka ce daga tsaye ba a raba su. Wadda za ta cika kwano don miya ba za ta kifa kowace ɗaya a takarda ta kwana ba. Masu ƙura ruwan tsatsan nan kuwa girmansu ɗaya da waɗannan, launinsu kusan ɗaya, su ma danshi da ruɓaɓɓen ganye da icce suke so. 'Yan kaɗan a cikin kwanon sun isa su yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, musamman a jikin yaro. Ga shi abin da za a samu a cikinta bai taka kara ya karya ba, ba ta da nama, da ta ji wuta ta bi ruwa.

Ta biyun Panaeolus ce. Dabbare-dabbaren na faruwa ne don ƙurar irin ba ta nuna lokaci ɗaya a jikin falle, wani wuri yakan riga wani. Shanu ke haɗiye ƙurar tare da ciyawa, ta fito a kashi, ta zauna jiran ruwa, shi ya sa ka same ta daidai makwancinsu. Wasu a danginta na ɗauke da silosaibin, sinadarin da ke juya hankali ya sa mutum gane-gane, kuma irinsu sukan yi shuɗi in an murza su. Taka ba ta yi ba, amma wannan bai mai da ita abinci ba.

Maƙwabciyarka kuwa, tunda ranta na kan na suri, ga wadda ya kamata a kwatanta mata da kyau. Babbar fara ce mai ɓawo-ɓawo a hula da zobe a kara, tana fitowa a filin makaranta da wuraren da ciyawa ta samu taki, wani lokaci a zagaye. Sunanta Chlorophyllum molybdites. Ita mutane suka fi ɗauka abin ci, saboda girmanta da kyanta. In ta tsufa fallayenta kore-kore suke komawa, ƙurarta ma koriya ce, kuma cikin awa 1 zuwa 3 take kawo amai da gudawa mai tsanani.

Direba daga Kwanar Dangora:

Malama na ji, na kuma gode. To amma su can na ga suna tafasa shi su zubar da ruwan farko, wasu su shanya shi a rana har ya bushe ƙamas. Wannan ba ya kashe gubar ne?

Ma'aikacin lafiya daga Jigawa:

Yaya direba, ba ya kashewa. Gubar hantar da Malama ke nufi, amatoksin, ba ta jin tafasa, ba ta jin suya, ba ta jin shanya. Busasshiya da ɗanya duk ɗaya ne.

Abin da ya sa na shigo zancen shi ne yadda take aiki, don shi ke yaudarar iyaye. Wanda ya ci ba ya jin komai har tsawon awa 6 zuwa 24. Sannan amai da gudawa su taso da murɗar ciki. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai su lafa, mara lafiya ya ji sauƙi har ya nemi abinci, gida a ce alhamdu lillahi an samu lafiya. A daidai lokacin nan gubar ke cin hanta. Daga kwana na 3 zuwa na 5 sai ido ya yi ruwan ɗorawa irin na mai shawara, fitsari ya ragu, hankali ya fara gushewa. Shirun farkon nan shi ne abin tsoro, kuma a cikinsa ne asibiti ya fi iya taimakawa.

Ga kuma abin da ya shafe mu a nan. Agusta ce, lokacin amai da gudawa. In aka kawo yaro yana zawo, hankalin kowa kan ruwan sha da kwalara yake tafiya, mu da iyayen duka. In uwa ba ta ce jiya ta ga ya tauna wani abu a gona ba, wa zai kawo lemar kwaɗi a ransa?

Don haka Malam, ka gaya wa matan gida: in aka ga yaro da ita a baki, a ciro abin da ya rage, a kuskure masa baki, a kai shi asibiti a ranar ko da yana wasa yana dariya. A tafi da sauran lemar har gindinta, a naɗe a takarda, domin a leda ruɓewa take yi. A faɗi lokacin da ya ci. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, ƙaramin yaro na iya sarƙewa aman ya shiga huhu. Kada a daka masa gawayin murhu. Wanda ake bayarwa a asibiti daban ne, sarrafa shi aka yi don ya kama guba a ciki, kuma a awannin farko ya fi amfani. In amai da zawo sun riga sun fara, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan a hanya. Ku ambaci gwajin hanta da bakinku, in ƙaramin asibiti ne da ba a yi, ku nemi takardar zuwa babba, kada ku koma gida don kun ga aman ya tsaya.

Ɗan Gwaram, a madadin Baba:

Na karanta wa Baba wannan zance da daddare, ya ce in rubuta masa amsa zuwa ga mai gonar.

Ya ce, ɗana, maganar feshi ka bar ta. Wannan farin zaren da ka gani a ƙarƙashin ganye shi ke cinye ganyen ya mai da shi ƙasa. Kowane manomi ya san dawar gindin gawo ta fi ta ko'ina tsayi da zangarniya, kuma ba don an fi zuba mata taki ba ne. Ganyen da ya zubar da damina, da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani, su ne takin, amma sai sun ruɓe. Kada tsoron lema ya sa ka share ganyen ka ƙone. Ka ɗauke tabarmar yara ka mayar wani gefe, in ka iso gona da safe ka zagaya kai da kanka ka tsinke ka binne, da marka ta ɗauke ita ma za ta ɗauke. Ciyawar awaki kuma a karkaɗe ta kafin a zuba musu, a cire abin da ba ciyawa ba.

Ya ce a gaida Inna da kyau. Su ma da suna yara wanda ya fito a kan suri kaɗai ake bari su kawo gida, shi ma sai tsohuwa ta juya shi ta duba kafin ya ga tukunya.

Manomi daga Kibiya:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba, Allah ya ƙara girma da nisan kwana, Inna tana amsawa. Na fasa feshin. Tabarma ta koma gindin darbejiyar bakin hanya. Uwargidana da Inna sun je wajen maƙwabciya da takardun nan biyu, Inna ta kwatanta mata jijiyar na suri da tsinin hularsa, aka kuma gaya mata batun babbar fara mai koren ƙarƙashi. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce ita ma abin da ta ji ne ta faɗa. Bayanin ma'aikacin lafiya kuwa na karanta wa matan gida bayan magariba, na maimaita wajen manja, don shi ake fara ɗaukowa a garinmu in yaro ya haɗiyi wani abu.

Saura abu ɗaya, Malama. Raina na son sanin cikakken sunan ta farkon, tunda a gonar kakana ta fito. In zan kai ta inda ke da madubin likita, yaya zan adana ta, alhali kafin la'asar ta motse?

Malamar Bayoloji daga Birnin Kudu:

Baba ya faɗi gaskiya, kuma ko ka fesa, hular kaɗai za ka taɓa. Ainihin jikinta shi ne zaren nan da ya bi cikin ganye da icce, ruwa na gaba sabuwa za ta fito.

Busar da ita za ka yi, busasshiya tana aunuwa a madubi ko bayan shekaru. Ka zaɓi ƙarama da matsakaiciya da wadda ta baje, kowace da gindinta da ɗan reshen da take kai. Kafin komai ka ɗauki hoto a inuwa mai haske, sama da ƙarƙashi da kara, ka ajiye rular a gefe don a ga girma. Tunda marka ce rana ba ta da tabbas, ka shimfiɗa su a tsohuwar rariyar da aka daina aiki da ita, ka rataye can sama da kaskon garwashi a zaure, nesa da madafa, inda ɗumi kawai ke kaiwa, don zafi mai yawa dafa ta zai yi. In ta bushe har tana karyewa ka sa a ambulan. Takardar zanen ƙurar ka ninke ta, zanen a ciki, ka haɗa.

Ka tuntuɓi sashen nazarin halittu na Jami'ar Bayero a Kano, ko na Jami'ar Tarayya ta Dutse. Hotunan kuma kana iya ɗorawa a shafin intanet na iNaturalist, inda masu nazarin irin waɗannan halittu daga ƙasashe da dama ke dubawa. Kowane iri da ambulan ɗinsa, kada ta reshen ta haɗu da ta kashin shanun. A bayan ambulan ka rubuta kwanan wata, sunan ƙauye, bishiyar da ke wurin, abin da ka same ta a kai, da launinta tana ɗanya, domin in ta bushe launin ba ya dawowa.